Filin Tambaya da Amsa: Injina na Walda Ya Rage Ƙarfi, In Yarda a Canza Masa Tiransistoci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Gusau, ina yin ƙofofi da tagogi. Bara na sayi ƙaramin injin walda mai araha, irin mara nauyin nan da ake ratayawa a kafaɗa, an rubuta amfiya 250 a jikinsa. Da farko yana aiki lafiya, amma yanzu sanda tana mannewa a jikin ƙarfe, mariƙinta yana zafi har sai na naɗe shi da tsumma, kuma in na ɗan jima ina aiki sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama, wuta ta ɗauke. Wani mai gyara ya ce in kawo ya sa mini manyan tiransistoci, har injin ya riƙa cin sanda mai kauri, mai lamba 8. Shin in yarda?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa sana'a albarka. Shawarata ita ce kada ka yarda tukuna, domin alamomin da ka lissafa ba na lalacewar tiransista ba ne. Tiransistocin irin wannan inji, wato ƙananan na'urorin da ke sarrafa wuta a cikinsa, waɗanda ake kira IGBT, idan suka ƙone yawanci haɗe wuta suke yi, fis ya tsinke ko makunnin tsaro ya faɗi, injin ya mutu gaba ɗaya. Naka kuwa yana aiki har yanzu, ƙarfi kawai ya rage, don haka a waje ya kamata a fara bincike.

Ka fara da mariƙin da ke ƙona maka hannu. Duk inda zafi ya taru a hanyar wuta, to a nan take samun cikas, kuma ƙarfin da ya kamata ya narkar da sanda a nan yake zubewa. Ka kwance wayar daga mariƙin, ka feɗe bakinta, ka kankare silin da wuƙa. Idan jan launin ya goge, fari ya bayyana a ƙarƙashi, to alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, abin da ake yawan haɗo injuna masu araha da shi. Alminiyam yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin ɗari ne kawai na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka, ga shi yana saurin karyewa a inda noti ya danne shi, sai ka tarar silin sun tsinke ɗaya bayan ɗaya, 'yan kaɗan ne suka rage suna ɗaukar nauyin duka. Ka maye gurbinta da wayar walda ta jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita sukwaya 16, ko 25 idan aikinka yana bukatar doguwa. Haka nan matsen at da ake maƙalawa a jikin aiki: wanda ke zuwa a cikin kwali yawanci siririn kwano ne mai sakakken baki, ka nemi na tagulla mai ƙarfin cizo, ka kuma riƙa goge tsatsa da fenti kafin ka maƙala shi. Sannan ka duba kafofi biyun da wayoyin ke shiga a gaban injin. Idan robarsu ta narke ko ta yi baƙi, sun saki, sai an ɗaure su ko an canza.

Bayan haka sai wutar da ke shiga. Injuna da yawa irin naka an rubuta musu bolt 220 da rangwamen kashi 15 sama ko ƙasa, ma'ana da wuta ta faɗi ƙasa da bolt 187 ta fita daga abin da aka yi su dominsa. Ka sa wani ya riƙe mita a soket kana cikin walda, domin awon da aka yi inji yana hutawa ba ya nuna gaskiyar lamari. Doguwar wayar jona siririya, musamman wadda aka bari a naɗe, tana cinye bolt da yawa. Kada kaurinta ya gaza milimita sukwaya 2.5, kuma a warware ta duka. In da janareta kake aiki, ƙarami ba zai iya ba, kuma wanda wutarsa ke hawa da sauka shi ne ke kashe tiransistoci da gaske.

Fitilar ruwan ɗorawa kuwa aikinta take yi. Akwai ɗan makunni a jikin ƙarfen da ke shanye zafin tiransistoci, wanda ke yanke wuta idan zafi ya wuce kima. Ka duba tambarin injin, za ka ga an rubuta kashi 60 ko 35 kusa da adadin amfiya. Ana ƙirga wannan a kan minti 10 ne: kashi 60 na nufin aikin minti 6, hutun minti 4. A zafin bazarar Gusau, cikin rumfar kwano, ga ƙurar hunturu da garin ƙarfen gurza sun toshe hanyoyin iska, dole lokacin ya gajarta. Wasu masu gyara sukan haɗe wayoyin wannan makunni don fitilar ta daina kamawa, kuma wannan ita ce hanya mafi sauri ta ƙona injin. Idan fitilar ta kama, ka bar injin a kunne fanka ta ci gaba da hura shi.

Kafin a buɗe murfi, a zare fulogi daga bango, a kuma sani cewa manyan kafasitocin ciki suna tara wutar da ta kai kusan bolt 325 daga wutar gida mai bolt 230, kuma suna iya riƙe ta bayan an kashe inji. Wannan wuta tana kisa. A jira mintuna, a auna da mita, kada a haɗe ƙafafunsu da sukuddireba. In ba ka saba ba, ka bar wa gwani wannan ɓangaren, amma ka tsaya a kansa ka ga abin da zai yi: ya hure ƙura da busasshiyar iska, ya tabbatar fanka tana gudu sosai, ya duba ko kan wata kafasita ya kumbura, ya sake narka dalmar da ta tsage a ƙafafun taransifoma da na diyod, ya sabunta farin man da ke tsakanin tiransista da ƙarfen shan zafi idan ya bushe.

Maganar ƙara ƙarfi kuwa, lissafi kaɗan ya isa. Walda a kan amfiya 250 tana bukatar kusan bolt 30 a bakin sanda, wato wat 7,500, alhali fulogi mai ƙafa uku mai fis na amfiya 13 bai wuce wat 3,000 ba. Injin da aka sayar maka da irin wannan fulogi ba a yi shi don ya ba da 250 ba, komai lambar da ke haskawa a fuskarsa. Sanda mai lamba 12 tana narkewa da kyau a tsakanin amfiya 70 zuwa 100, mai lamba 10 a tsakanin 90 zuwa 130, ita kuwa mai lamba 8 tana son 140 zuwa sama. Ko an sa manyan tiransistoci, taransifoman yana nan da ƙanƙantarsa, diyod ɗin fita da hanyoyin jan ƙarfe na kan allo ma haka, sai dai ƙunar ta koma kansu. Ga shi kasuwa cike take da tiransistocin jabu da aka goge lambarsu aka buga wata.

Don haka kuɗin da za ka ba mai gyaran, ka sa shi a waya, matse, mariƙi da sabuwar fanka, ka tsaya kan lamba 12 da 10, waɗanda sun isa aikin ƙofa da taga. Idan wata rana tiransistocin suka ƙone da gaske, a canza su duka tare da masu lamba ɗaya da na asali, a auna ƙananan rizistocin da ke ƙafarsu da diyod ɗin shigar wuta, sannan a fara kunna injin ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 100 da aka jona a hanyar wayar wuta. Idan ƙwan ya haska ya dushe, an dace. Idan ya ci gaba da haske sosai, akwai sauran haɗuwar wuta a ciki, sai a zare a sake dubawa.