Tsibirai Huɗu Cikin Kwana Bakwai: Wane Yawo Za Mu Zaɓa In Jirgi Ya Tsaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A watan Agusta, in Allah ya kai mu, za mu shiga jirgin ruwan shaƙatawa daga Miyami na tsawon kwana bakwai, ni da maigidana da yaranmu biyu, ɗan shekara 11 da 'yar shekara 7, sai mahaifiyata mai shekara 68 wadda ciwon gwiwa ke damunta. Jirgin zai tsaya a Kozumel da Garand Kayman da Ocho Riyos da Nasau. Kamfanin ya turo mana jerin yawace-yawacen da ake yi in an sauka, ga yawa ga tsada. Wata ƙawata ta ce kada mu saya a wajensu, mu bari sai mun sauka mu nemi mai araha. Shawarar wa za mu bi, kuma wane yawo ya dace da mu?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ƙawarki ta faɗi gaskiya, amma rabinta ta faɗa. Akwai tsibirin da shawararta za ta rage muku kuɗi sosai, akwai kuma wanda bin ta zai iya sa jirgi ya tashi ya bar ku a gaɓa. Don haka ki ajiye hotunan nan masu ɗaukar ido tukuna, ki ɗauko takardar da ke nuna lokacin isa da lokacin tashi a kowace tasha. Daga nan zaɓi yake farawa.

A ce an rubuta jirgi zai isa ƙarfe 8 na safe ya tashi ƙarfe 5 na yamma. Wanda bai saba ba zai ƙirga awa tara. Ba su kai ba. Sai hukumomin tashar sun ba da izini kafin a buɗe ƙofa, kuma dubban mutane ne za su bi ta wannan ƙofa. Can da yamma, yawancin jiragen suna rufe shiga rabin awa kafin tashi, wato 4:30 ce taku, ba 5 ba. Ni kuma kullum ina ce wa masu tafiya da yara ko tsofaffi su ƙara wa kansu awa guda a kan wannan. Abin da ya rage bai wuce awa bakwai ba, har da tafiya da dawowa da cin abinci da neman banɗaki. Yawo ɗaya mai kyau ne ke shiga cikinsu. Taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai wani tarko na agogo da ya shafe ku kai tsaye saboda watan da za ku tafi. Daga Maris zuwa farkon Nuwamba, Amurka na matsar da agogonta gaba da awa ɗaya, Bahamas, inda Nasau take, ita ma haka. Kozumel da Kayman da Jamaika, inda Ocho Riyos take, ba sa yi. Ke nan a Agusta waɗannan ukun suna bayan Miyami da awa guda. Wasu jiragen suna canza agogonsu ya dace da na tsibiri, wasu suna riƙe na Miyami har a dawo. Wayarki kuwa da zarar ta kama layin tsibirin za ta koma agogonsu ba tare da ta tambaye ki ba. Sai ki duba ki ga 3:30, hankalinki kwance, alhali a jirgi 4:30 ta yi, ana janye tsani. Na taɓa tsayawa a bene na sama ina kallon wani mutum da matarsa suna gudu a kan gadar tasha, ledojin tsaraba na dukan ƙafafunsu, matar ta cire takalmi ta riƙe a hannu. An riga an kwance igiyoyi, ruwa ya shiga tsakanin jirgi da gada kamar taku goma. Mutumin ya tsaya ya ɗaga agogon wayarsa sama yana nuna wa jirgin, don a lissafinsa da sauran lokaci. Har yau in na tuna fuskar matar nan raina yana sosuwa. Maigida ya ɗaura agogon hannu na gargajiya, ya saita shi da agogon jirgi kowace safiya kafin ku sauka.

Yanzu batun saye a jirgi ko a waje. Ki sani cewa ba ma'aikatan jirgin ne ke kai mutane yawo ba. Kamfanonin tsibirin ne, jirgi yana sayar da tikitinsu ya ɗora ribarsa. Sau da yawa za ki ga mota ɗaya, ɗan jagora ɗaya, farashi biyu. To me ƙarin kuɗin yake saya miki? Abu biyu. In motar yawon da kika saya a jirgi ta makara, jirgi zai jira, in kuma jiran bai yiwu ba, kamfanin ne zai ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Na biyu, in aka fasa tsayawa a tsibirin, kuɗinki zai dawo ba tare da kin bi kowa ba. Wanda ya yi shirinsa shi kaɗai, in ya makara, tikitin jirgin sama da otal duk daga aljihunsa. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan: duk yawon da ke da nisa, ko wanda sai an sake hawa wani jirgin ruwa kafin a dawo, a saye shi a jirgi ko da ya fi tsada. Wanda ke kusa da tasha, wanda tasi zai dawo da ku cikin minti ashirin, ku yi abinku da kanku.

Kozumel ce ta fi nuna bambancin. A jerin da aka turo miki za ki ga kufan Tulum, tsohon birnin Mayawa (al'ummar da ta zauna a yankin tun kafin zuwan Turawa) da ke kan tudu yana kallon teku. Wuri ne mai kyau ƙwarai, amma ba a kan tsibirin yake ba. Sai an hau jirgin fito na kusan minti 45 zuwa Pilaya del Karmen a babban yankin Meziko, sannan mota ta kusan awa ɗaya, a sake maimaita haka a dawowa. Mashigin nan yakan yi tambal-tambal, masu saurin tashin zuciya suna shan wuya. In an isa kuma, rana ce tsaye a ka, inuwa kaɗan, tafiyar ƙafa da yawa. Da ku biyu ne ke da maigida, da na ce ku je, ta hannun jirgi. Da Mama da 'yar shekara 7, a cikin zafin Agusta, ban ba ku shawara ba. In kuna son ganin aikin Mayawa, akwai San Gervasio a cikin tsibirin kansa, inda a da mata ke zuwa ziyara wurin bautar Ishel, wata abar bautar Mayawa. Bai kai Tulum ƙayatarwa ba, amma tasi zai kai ku ya dawo da ku, sai dai ku riƙe maganin sauro.

Abin da Kozumel ta fi kowa da shi yana ƙarƙashin ruwa. Murjaninta, wato tsaunukan nan na ƙarƙashin teku da ƙananan halittu ke ginawa, ɓangare ne na jerin murjanin da ya miƙe kusan kilomita 1,000 daga Meziko zuwa Honduras, wanda in ka cire na Ostireliya babu mai tsawonsa a duniya, kuma tun 1996 gwamnatin Meziko ta mai da gefen kudancin tsibirin wurin da doka ke karewa. Ruwan garau yake kamar gilashi. Ku nemi kwale-kwale mai gindin gilashi wanda kuma ke tsayawa don masu son shiga ruwa. Mama tana zaune a inuwa tana kallon kifaye masu launin shuɗi da rawaya suna wucewa a ƙarƙashin ƙafarta, yara kuma da babansu suna cikin ruwa da tabarau da bututun numfashi. Kowa ya samu rabonsa a wuri ɗaya. Irin wannan yawon nake so ki riƙa nema a kowane tsibiri, wanda mai ƙarfi zai motsa jiki, mai rauni ya zauna, ba tare da an rabu ba. Ku tsaya a gefen yamma, inda ruwa yake kwance. Gefen gabas yana fuskantar buɗaɗɗen teku, igiyarsa na jan mutum. Za kuma a yi ta tallata muku hayar babur a bakin tasha. Kada maigida ya karɓa. Haɗarinsa ya yi yawa a tsibirin, kuma inshorar tafiya da dama ba ta biyan raunin da aka samu a kansa.

Garand Kayman tata matsalar daban. Babu gadar da manyan jirage ke jingina a Jojtawun, babban birnin tsibirin, har ma a ƙuri'ar raba gardama ta 2025 mutanen ƙasar suka ƙi yarda a gina. Jirgi yakan tsaya ne a cikin teku, ƙananan jirage su riƙa kwasar mutane zuwa gaɓa. Layi ake bi a tafiya, layi a dawowa, kuma galibi waɗanda suka sayi yawo a jirgi ake fara fitarwa. In teku ta yi fushi, kyaftin yakan fasa tsayawar ɗungurungum. Wannan ya sa a nan na fi son ku saya a jirgi. Ga Mama kuma, wurin da za a kula shi ne takawa daga babban jirgi zuwa ƙarami, domin ƙaramin yana hawa yana sauka. Ma'aikata biyu na tsaye suna kama hannu. Ta jira har su ce mata ta taka, kada ta yi sauri don na baya suna jira.

Yawon da ya yi suna a can shi ne zuwa wani tudun yashi a tsakiyar ruwa, inda ruwan bai wuce ƙugun babba ba, wasu kifaye masu faɗi kamar faifai da doguwar wutsiya suna zagaya mutane. Sun saba da mutane tun lokacin da masunta ke gyara kifinsu a wurin suna zubar da kayan ciki. Cikinsu laushi gare shi, suna gogar ƙafar mutum kamar kyanwa. Ɗanki mai shekara 11 ba zai manta ba. Ƙanwarsa kuwa ruwan zai iya kai mata ƙirji ko wuya, don haka rigar ceto dole ce, kuma wasu yaran suna firgita in kifin ya nufo su. Ki nuna mata bidiyonsa tun a gida, ki ga yadda za ta yi. Akwai ƙaya a wutsiyar, shi ya sa ake cewa a riƙa jan ƙafa a kan yashi, kada a ɗaga a taka. Ki tambaya kafin ki biya: mutum nawa kwale-kwalen ke ɗauka, kuma akwai rumfa? In babu rumfa, Mama ba za ta ji daɗi ba.

A Ocho Riyos kowa zai ce muku Dunn's River. Magangarar ruwa ce mai hawa-hawa kamar matakala, tsawonta kusan mita 180, tana zubowa kai tsaye cikin teku. Ana hawanta ne a jere, kowa riƙe da hannun na gabansa, ɗan jagora na nuna inda za a taka. Duwatsun suna da santsi, sai da takalmin ruwa mai kama ƙasa. Mama ba za ta hau ba, amma akwai matakala a gefe da wuraren tsayawa inda za ta hango ku, gwargwadon abin da gwiwarta ta yarda. Wurin ba shi da nisa da tashar Ocho Riyos, tasi mai lasisi zai kai ku cikin 'yan mintuna, sai ku yi ciniki na zuwa da dawowa tun kafin ku shiga. Amma ki sake duba takardarki da kyau. In an rubuta Falmouth maimakon Ocho Riyos, tafiyar ta koma kusan awa ɗaya a mota, lissafin kuma ya canza. Ku je da sassafe kafin motocin jirage su cika wurin. Wani abu da mutane ba sa sani: a Jamaika doka ta hana farar hula sa tufafi masu zanen kakin soja, ko da wandon yaro ne. Ki bar su a gida.

Nasau ba sai kun sayi komai ba. Jirgi na jingina a tsakiyar gari, kasuwar kayan saƙa tana nan kusa, haka ma bakin ruwan Junkanoo. Akwai Matakalar Sarauniya, wadda bayi suka sassaƙa da hannu daga cikin dutse a shekarun 1790, tana kaiwa ga ganuwar Fincastle ta 1793. Mama za ta iya tsayawa a ƙasa cikin sanyin inuwar dutsen ta ga aikin. Dalar Amurka tana tafiya a can daidai da dalar Bahamas, ɗaya da ɗaya. Ku fita awa biyu ko uku ku dawo. In ma jiki ya gaji, ku zauna a jirgi ranar, babu asara. Lokacin da kowa ya fita, wurin ninƙaya da wurin cin abinci sukan zama kamar naku ne ku kaɗai, kuma bayan kwana uku a jere cikin rana, yara da Mama za su buƙaci hutun.

Agusta tana cikin lokacin guguwar tekun Atilantika, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Kada wannan ya tsorata ki, jirage suna kauce wa guguwa tun daga nesa. Abin da yakan faru shi ne a sauya tsibiri ko a juya ranaku. Saboda haka duk wanda za ki biya a waje ta intanet, ki tabbatar ya rubuta cewa in jirgi bai tsaya ba zai mayar da kuɗi. Na jirgin ma ki karanta wa'adin fasawa, da alamar wahalar da suke sawa a kowane yawo, da mafi ƙarancin shekarun yaro. In sun rubuta akwai tafiya a kan ƙasa mai gargada, ki yarda da su. Wanda kuka fi ƙwallafa rai a kai, kamar na kifayen Kayman, ki kama shi tun yanzu, yakan ƙare kafin ranar tafiya.

Kowace safiya kafin ku sauka, ki ɗauki hoton takardar shirye-shiryen ranar da ake kawowa ɗaki ko ake sawa a manhajar jirgin. A jikinta akwai lokacin rufe shiga da lambar wayar wakilin jirgin a wannan tasha, shi za ki kira in wani abu ya tsare ku. Ki sa hoton fasfo ɗin kowa a waya, katin shiga jirgi a jakar da ruwa ba ya ratsawa, da ƙananan takardun dala na tasi, da maganin Mama na kwana biyu, ba na rana ɗaya ba.