Kar ka sa hannu tukuna, ni ma haka suka yi min

Wallahi ɗan'uwa, da na ga ka ce wani kamfanin ɗab'i na Turai ya turo maka imel zai mayar da kundin digirinka na biyu littafi kyauta, sai da gabana ya faɗi. Irin saƙon nan na samu ina kammala nawa. Murna ta ɗebe ni, a daren na sa hannu ban karanta yarjejeniyar ba.

Ko waƙafi ba su gyara ba. Bango kawai suka manna, suka sa kuɗin da ni kaina ban iya saya ba, kuma har yau ban ga sisi ba. Abin da ya fi ƙona min rai daga baya ya zo. Na ciro maƙala daga babi na huɗu zan aika mujalla, malamin da ya duba aikina ya sa ta a Turnitin, manhajar gano satar rubutu, ina tsaye, shafukan suka yi jawur alamar kwafi, don rubutun ya riga ya fito a littafin nan. Ya ɗago ya dube ni kamar ya kama ɓarawo. Aikina ne fa, wanda na sha rana a kan acaɓa ƙauye-ƙauye ina tattara bayanansa! Bakina ya mutu. Na fita na zauna gindin darbejiya har la'asar ta wuce. Sau uku ina rubuta wa mutanen nan, ko kallo ban ishe su ba.

Ka sani, a dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, haƙƙin aiki yana tabbata da zarar an rubuta shi, ba sai an yi rajista ba, kuma ba a sallama shi sai a rubuce. Shi ya sa suke azarɓaɓin sa hannunka. Duba da kyau, mallakar kake ba su gaba ɗaya ko izinin bugawa kawai? Ka leƙa ƙa'idojin makarantarku ma, don wasu jami'o'in suna da ta cewa a kan kundi.

Ni dai a ganina, fitar da maƙalunka tukuna, littafi ya biyo baya. Ku kuma daidaita da malaminka tun yanzu kan sunan wa zai zo farko, don na ga zumunci ya lalace a kan haka. In kana koyarwa a jami'ar gwamnati, TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na tallafa wa mayar da rubutun malamai littafi, tambayi ofishinsu na makarantarku. Taswirar wani ko hotonsa da ka sa a ciki kuma, nemi izini kafin bugawa.

Turo min yarjejeniyar ta gefe mu karanta tare.