An ce sunana kawai ake buƙata a binciken haɗin gwiwa

Tambaya: Ni malama ce a sashen nazarin zamantakewa na wata jami'a. Abokan aiki daga tsangayar kimiyya da ta likitanci suna neman tallafin TETFund, asusun gwamnatin tarayya da ke tallafa wa manyan makarantu, domin binciken gurɓatar ƙasa da ruwa a garuruwan da ake haƙar zinare. Sun ce in ba da sunana da takarduna kawai, sai a ƙarshe in jagoranci wayar da kan jama'a. Ina tsoron in ƙi a ce ba ni da haɗin kai, ina kuma tsoron sa hannu a aikin da ban san tsarinsa ba, ga maganar ƙarin girma.

Amsa: Malama, damuwarki tana kan hanya. Batun ƙarin girma mai sauƙi ne: kowace jami'a tana da ƙa'idarta ta raba maki tsakanin marubutan maƙala, saboda haka ki karanta ta jami'arku, kuma a rubuta tun yanzu wace maƙala ce za ki jagoranta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wannan magana ta "sunanki kawai", wadda nake ji kusan duk lokacin da aka buɗe neman tallafi. Malamai da yawa sun ɗauka cewa binciken da ya haɗa fannoni shi ne a tattaro sunaye daga sassa huɗu ko biyar a jera a shafin farko domin a gamsar da masu tantancewa, alhali kowa yana ofishinsa, ba a taɓa zama an tsara tambayar binciken tare ba. Wannan yaudara ce, kuma a irin aikinku tana iya jawo asarar rayuka.

Ki tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta fito daga ƙurar dutsen zinare da ake sarrafawa a cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Likita ya san maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma idan yaron ya koma tsakar gidan da ƙurar take, gubar za ta sake taruwa a jikinsa. Shi ya sa ƙungiyar likitoci ta MSF ba ta iya fara jinyar yaran garin Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka ba sai bayan an kankare ƙasar garin a 2013, jinkirin da jan ƙafar gwamnati wajen sakin kuɗi ya haddasa. Masanin ma'adinai kuma zai auna dalmar da ke cikin dutsen, amma na'urarsa ba za ta gaya masa dalilin da ya sa dutsen ya shigo gida ba: farashin zinare ya tashi, noma bai ciyar da iyali ba, ana niƙa dutsen da injin niƙan hatsi, mata suna daka shi a turmi da goyo a bayansu. Wa zai shiga ɗakunan matan nan ya ji gaskiya daga bakinsu, alhali mutanen gari suna tsoron a hana su sana'ar da suke ci da ita? Wannan aikinki ne, kuma a farko ake yin sa, domin shi zai nuna wa mai ɗibar samfur gidan da zai shiga da lungun da zai tona. A 2015 irin wannan annoba ta sake aukuwa a Shikira ta jihar Neja, yara 28 suka rasu, duk da cewa an riga an san illar dalma sarai.

Saboda haka kada ki ƙi, amma kada ki miƙa takardunki tukuna. Ki nemi cikakken daftarin ki karanta, ki buƙaci a ba ki manufa guda daga manufofin binciken da kasafinta, a sa kuɗin mata masu tattara bayanai da na zama da masu gari da limamai da shugabannin mahaƙa, sannan a samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin a ɗebi jinin ko da yaro ɗaya. Idan jagoran ya ce lokaci ya ƙure ba za a gyara ba, ki janye sunanki a rubuce cikin mutunci, ki jira zagaye na gaba da mutanen da za su zauna da ke tun daga tsara tambaya.