Ɗan tafasa: a noma shi ko a saya a tara?

Wani ɗan kasuwar hatsi daga Jega ya aiko da tambaya: "Malam, na ga dillalai suna bin ƙauyuka suna sayen ɗan tafasa buhu-buhu, ana lodi zuwa Kano. Ina da naira miliyan biyu a ajiye da gona eka uku. In noma ta ne, ko in saya in tara?"

Alhaji, ka bar gonarka ga gero da wake. Tafasa ba ta jiran manomi. Ruwan fari na sauka za ka gan ta a bakin hanya da makiyaya da juji, ta yi fure rawaya a tsakiyar damina, ta fitar da siraran kwanso masu lanƙwasa kamar lauje, su bushe da kaka. Abin da mata da yara ke tsinkowa kyauta a daji, in ka kashe masa kuɗin huɗa da noma, da wane farashi za ka sayar? Ga shi ƙwayarta na da taurin ɓawo, tana yin shekaru a ƙasa ba ta mutu ba. Ka shuka ta bana, baɗi da ita za ka yi ta fama a cikin geronka. Kuma ko da yake dangin wake ce, ba ta ƙara wa ƙasa ƙarfi yadda wake da gyaɗa ke yi.

Mu ganyen muka sani, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli ko a yi miya. Masu saye daga waje ƙwayar suke so. A Indiya ana ɓare ta, a niƙa tsakiyarta, a sami gari mai sa kauri da ake zubawa a abincin gwangwani na karnuka da kyanwoyi da wasu kayan madara. A Sin da Koriya kuwa soya ta ake yi a dafa kamar shayi.

Inda kuɗinka zai iya nutsewa shi ne rai-ɗore, wani tsiro mai kama da tafasa. Tare suke fitowa, furensu iri ɗaya, kuma mai tsinka ba ruwansa, awo yake so ya cika. Amma ƙwayar rai-ɗore na da guba, shi ya sa ƙa'idar Tarayyar Turai ta ce kada ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a ƙwayar da za a yi garin da ita. Wato giram 50 a buhu mai kilo 100, ɗan kaɗan ne ƙwarai. Don haka koyi rarrabe su kafin ka fitar da ko kwabo. Ganyen tafasa shida ne a kowane ɗan reshe, biyu-biyu, masu zagayayyen baki, na rai-ɗore kuwa masu tsini ne. Ƙwayar tafasa doguwa ce mai kusurwa da sheƙi, ta rai-ɗore faffaɗa ce kamar an danne ta. Ɗebi samfuri daga ƙasan buhu, don samansa kowa ya iya gyarawa.

Sannan ka lura, da tiya za ka saya a ƙauye, a kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano kuwa sikeli za a ɗora maka. Sayi buhu ɗaya tukuna, a sheƙe, a rairaye yashi da tsakuwa, a shanya, ka auna abin da ya rage. Wannan nauyin ne za ka raba kuɗin saye da na mota da lodi da la'adar dillali a kansa, ka san nawa kilo ya tsaya maka.

Batun tarawa kuma, ban ba ka shawara ba. In masara ta faɗi, ko banza a gida za a ci. Ɗan tafasa in 'yan fitar da kaya suka ɗaga ƙafa, ba mai tuƙa tuwo da shi, kuma ko kaji ba a ba su, don yana cutar da su. Je Dawanau ka sami mai saye tukuna, ya faɗa maka irin tsabtar da yake so da farashinsa, ka juya kwata ɗin kuɗin nan sau biyu ko uku a kakar bana. Sauran ka bar su a hatsin da ka sani.