Kafin ka tura yaro wurin kakarsa, ƙirga kwana 90

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Manchester. Yana aikin kula da tsofaffi da bizar aiki, ɗansa a can aka haife shi, yanzu shekararsa shida. Kakar yaron da ke Zariya ta matsa a kawo mata jikanta ya yi shekara biyu, ya shiga makarantar allo, bakinsa ya kama Hausa. Shi yana ganin ba matsala, tunda a cewarsa yaron ɗan Ingila ne.

Malam, yaronka ba ɗan Birtaniya ba ne tukuna. Da can haka abin yake, duk wanda aka yanke wa cibiya a ƙasar ya zama ɗan ƙasa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1981, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1983, ita ta rufe wannan ƙofa. Daga ranar sai in uwa ko uba ɗan ƙasa ne, ko yana da izinin zaman dindindin lokacin haihuwar. Bizar aiki ba ta kai nan ba. Takardar haihuwar da ka adana a jaka shaidar haihuwa ce kawai.

Dokar ta bar wa irin ɗanka hanya biyu. In kai ko maiɗakinka kuka samu zaman dindindin kafin ya cika 18, za a iya yi masa rajistar zama ɗan ƙasa. Amma kada ka rataya komai a kan wannan, domin a 2025 gwamnati ta fito da shirin mayar da jiran zaman dindindin daga shekara biyar zuwa goma. Hanya ta biyu tasa ce shi kaɗai, ba ruwanta da takardunku: ya yi shekaru goma na farkon rayuwarsa a ƙasar, bai wuce kwana 90 a waje ba cikin kowace shekara. Ya riga ya ci shida. Shekara biyu a Zariya za ta rushe lissafin, kuma sassaucin da ma'aikatar cikin gida ke yi sai da dalili mai ƙarfi.

Tara shaida tun yau: jan littafin nan na rigakafi da awon nauyi, wasiƙun likita, rahoton makaranta na kowane zango, tsohon fasfo mai tambarin shiga da fita. Ina nanata wannan ne saboda abin da ya samu mutanen Windrush, 'yan Karebiyan da suka shigo bisa doka tun daga 1948. A 2018 ta bayyana cewa wasunsu, bayan shekara arba'in da hamsin, an raba su da aiki, an tsare wasu, an ma kori wasu daga ƙasar, don ba su da takardar nunawa. Katunan shigowarsu hukuma da kanta ta lalata a 2010. Kuɗin rajistar yaro ya kai fam 1,214 a 2024, kuma tun 2022 wanda ba shi da hali yana iya neman a yafe masa.

Hajiya tana da gaskiya, wallahi. Yaron da bai iya gaida kakarsa da harshenta ba abin damuwa ne. Kai shi dogon hutun Yuli da Agusta, sati shida, ya sha kunun tsamiya a ɗakinta, ka rubuta ranar fita da ranar dawowa. Fasfon Najeriya kuwa haƙƙinsa ne ta wajenka, kuma tsarin mulkin 1999 bai hana shi riƙe biyu ba. Ka kira ta da kanka, ka ce mata saura shekara huɗu, bayan rajista sai ya zo ya daɗe.