Ɗana zai hau dutse bayan saukar dusar ƙanƙara, in hana shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana karatu a Grenoble, ƙasar Faransa. Ya ce dusar ƙanƙara ta zuba sosai makon nan, abokansa za su kai shi kan dutse ran Asabar tunda gari ya washe. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kina da gaskiya. Ranar da gari ya washe bayan an kwana ana zubawa tana cikin ranakun da suka fi cin mutane, don kowa ya fito, dusar kuwa ba ta zauna ba, tana iya zaftarewa daga kan dutse ta binne mutane.

Dusar tsaunukan Alps, inda Grenoble take, hawa-hawa take, kowane zubi da nasa hawan. Sabuwar sai ta yi kwanaki kafin ta kama ta ƙasanta. Sau da yawa can ƙarƙashi akwai hawa mai gari-gari wanda tsananin sanyi ya hana shi haɗewa, sai iska ta kwaso sabuwa ta danƙare a kansa. Kamar tabarma ce a kan geron da ya zube a gangare: ga ido lafiya lau, ana takawa ta tafi da mutum. Mafi yawan waɗanda zaftarewar ta binne, su ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da ita da nauyinsu.

Gangare mai digiri 30 zuwa 45 ya fi zaftarewa, balle in sabuwar dusa ta kai santimita 30 a yini ɗaya kuma da iska. Hukumar yanayi ta Faransa, Météo-France, tana fitar da sanarwar haɗarin zaftarewa kullum a lokacin sanyi, daga mataki 1 zuwa 5. Na 3 ne ya fi damuna, samari na ganinsa tsaka-tsaki, alhali a nan aka fi mutuwa.

Ki ce masa ya duba sanarwar, ya tsaya a hanyoyin da aka buɗe aka sa wa alama. Idan ya ga dusar ta tsage a gabansa, ko ya ji ta nitse da wani "wuf" a ƙarƙashin ƙafarsa, ya juya. Masu fita daga waɗannan hanyoyin ya kamata kowannensu ya ɗauki na'urar nemo wanda dusa ta binne, da sandar bincike, da shebur. Wanda aka tono cikin minti 15, kusan 9 cikin 10 suna rayuwa, bayan haka numfashi ke ƙarewa. In abokan nan ba su da kayan, Hajiya, ki hana shi, ya jira wani makon.