Kafin Ka Kira Tifar Burji: Amsa Kan Gyaran Kududdufin Masu Fatsa

Ka rubuto kana cewa: "Maigida, ƙungiyar masu fatsa ta unguwarmu, can wajen Bukuru, za ta yi gayya ta gyara kududdufin da suke kamun kifi da hanyar da ke gangarawa gare shi. Sun ce tunda ina koyon gini, ni zan ja aikin. Hanyar ta kai mita 100, damina ta cinye ta, gaɓa kuma tana zubewa. Na yi niyyar kiran tifar burji da buhunan siminti ranar Asabar. Tifa nawa zan ce a kawo?"

Ɗana, dakata da tifar nan tukuna. Ruwan da ya cinye hanyar bara yana nan dawowa bana, kuma ta inda ya bi zai sake bi. In ka zuba burji ba ka nema masa mafita ba, kafin ƙarshen Agusta burjin duk yana cikin kududdufin, ka yi asarar hanya, ka kuma cike wa kifi gida da laka. Asabar ta farko ta zagaye ce da awo. Tef, igiya, turaku da tiyon awo mai ruwa, wanda magina ke gane tudu da gangara da shi, su kaɗai za ka ɗauka.

Fara da sanin irin ruwan da kake gabansa. Yawancin kududdufan Bukuru, Rayfield har zuwa Barikin Ladi ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cike. Irin wannan rami ba ya gangara a hankali kamar tafki: taku biyu ruwa na gwiwa, na uku babu ƙasa. Ka ɗaure dutse a igiya, ka yi ƙulli a kowace rabin mita, ka rataya ta a kan doguwar gora, ka riƙa awo daga gaɓa kowace mita 5 kana rubutawa. In ramin kuza ne, ka cire maganar yashe laka daga ranka, aikinku na gaɓa ne da hanya kawai, kuma kada ɗan gayya ko ɗaya ya shiga ruwa, ko da ya ce shi gwanin iyo ne. A ajiye tiyub ɗin mota mai iska ɗaure da doguwar igiya a bakin ruwa duk ranar aiki. In kuwa tafki ne da aka gina da madatsa, wanda ake iya zuƙe ruwansa, to akwai maganar laka, zan zo kanta.

Daga nan ka hau can saman tudu ka biyo sawun ruwa. Ko da rani yana nunawa: inda ƙasa ta tsage ta yi ɗan kwazazzabo, inda yashi ya kwanta fari, inda ciyawa ta kwanta ta fuskanci gefe guda. Duk inda sawun ya tsallake hanya ka kafa turke. A gefen hanya na wajen tudu za ka haƙa lambatu, zurfin santimita 30, faɗin sama 50, ƙasansa yana sauka aƙalla santimita 2 a kowace mita. A wajen turakun nan ruwa zai tsallaka. Kada ka yarda a sa maka bututun roba mai inci 4 ko 6 don arha. Leda ɗaya da ganyen turare sun isa su toshe shi, ruwa ya hau kan hanya. Ko dai kwalbati mai faɗin santimita 45, ko ka sassauke hanyar a wurin ka shimfiɗa duwatsu ruwa ya bi ta kai a fili. Ga aikin gayya na fi son na biyun, domin kowa yana ganin in ya cushe, kuma shebur ɗaya ya isa gyara. Kafin lambatun ya zuba a kududdufi, ka haƙa rami mita 1 a tsawo, faɗi da zurfi, laka ta riƙa kwantawa a ciki, a kwashe ta sau biyu a damina.

Sai lambatu ya kammala za a taɓa hanyar. Faɗin mita 1.2 ya isa baro da mai ɗauke da kayan fatsa. Inda ta bi gefen ruwa, ta nisanci gaɓa da aƙalla mita 2. A kankare baƙar ƙasar sama da saiwoyi, santimita 10 zuwa 15, har a taras da ƙasa mai tauri. Wannan shi ne abin da 'yan gayya suka fi ƙi, don wahala ce kuma ba ta burge ido, amma burjin da aka zuba kan ciyawa lotsawa yake idan saiwar ta ruɓe. Baƙar ƙasar a tara ta gefe, za ta yi amfani a gaɓa.

Ga lissafin da ka tambaya. Mita 100 sau 1.2 sau kaurin santimita 15 ya ba ka mita kubik 18, bayan daɓe ke nan. Burji yana sauka in an daɓe shi, don haka ka ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ka nemi 23. Tifa ba girmansu ɗaya ba, kada ka yi ciniki da "tifa nawa". Auna tsawo, faɗi da zurfin bodin motar da tef ɗinka, ka san abin da take ɗauka. A baro kuwa, ka sa ran sawu wajen 380, ka ga ba aikin yini ɗaya ba ne. Burjin ya zama mai tsakuwa da ɗan yumɓu: ka jiƙa kaɗan ka dunƙule a hannu. In ya dunƙulu ya kuma fashe da ka sake shi ƙasa, ya yi. In ya manne a tafi kamar tuwo, yumɓu ya yi yawa, zai yi santsi da damina. Danshin da za a daɓe shi da shi ma ke nan.

A zuba shi hawa biyu, kowane hawa a yayyafa ruwa a daɓe har sai dunduniyar takalmi ta daina barin sawu. In ƙungiyar tana da hali ta yi hayar injin daɓe. In babu, madaɓin ƙarfe ko guntun gungume mai mariƙi ya wadatar, sai dai kada a baza fiye da mita 20 a rana. Tsakiyar hanya ta ɗara gefuna da santimita 3, kamar bayan kifi, don ruwa ya zame. A sama ka shimfiɗa garin dutse na kwari, wato wurin fasa dutse, santimita 4, kusan mita kubik 5, a jiƙa a sake daɓewa.

Siminti wurin matakala kawai za ka kai shi, inda gangara ta yi tsanani. Tsayin kowace taka santimita 15, faɗin wurin sa ƙafa 35, duka daidai wa daida, domin taka ɗaya da ta bambanta ita ke kayar da dattijo da asuba. Kwaɓin buhu 1 na siminti, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Ka bar fuskar da kaushi, ka ja tsintsiya a kai tun tana ɗanya, a riƙa ba ta ruwa kwana 7. Ruwan wankin shebur da kwano kada ya kusanci kududdufi, ɗanyen siminti yana ƙone matsefin kifi, wato abin da yake numfashi da shi. Haka katakon da aka shafa wa baƙin mai don gara, ba shi da wuri a bakin ruwa.

Gaɓa tana zubewa ne saboda ta miƙe tsaye kamar bango, ruwa yana cin gindinta, sama yana ruftawa. Zuba ƙasa a kan ruftaccen wuri aikin banza ne, sabuwa ba ta kama tsohuwa. Ka ja da baya ka kwantar da ita: kowace mita 1 ta tsayi ta samu mita 2 na kwanciya, 3 ma ya fi in akwai fili. Inda dole a yi ciko, a yanka tsohuwar gaɓar hawa-hawa kamar matakala, a zuba yumɓu santimita 15, a daɓe, a ƙara. Daidai inda ruwa ke duka, shimfiɗa tsakuwa sannan a jera manyan duwatsu a kai, manya a ƙasa. In babu tsakuwar, ruwa zai tsotse ƙasa ta tsakanin duwatsun su nutse. Sama da nan a mayar da baƙar ƙasa a dasa kirikiri, ko jema a jere tazarar taƙi ɗaya, saiwarta na nitsawa ta riƙe ƙasa. Wurin zaman mai fatsa a daɓe shi mita 1.5 kowane gefe, da dutse a bakinsa, tsakanin wannan da wancan mita 8 zuwa 10 don kada zaruruwa su sarƙe.

In tafki mai madatsa ne, duba bayan madatsar. Wurin da ya yi kore da rani, can ruwa ke tsiyaya. Yawanci suri ne, ko ramin ƙaguwa, ko ruɓaɓɓiyar saiwar itace. A rage ruwa, a tone har tushen ramin, a cusa kwaɓaɓɓen yumɓu a tattake. Mafitar ambaliya ta zauna rabin mita ƙasa da saman madatsa, a shimfiɗe ta da dutse. Wajen yashe laka, a fara kwashe kifin da sassafe zuwa wani ruwa, domin baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai in aka dama ta tana cinye iskar ruwa, washegari da asuba ka ga karfasa ta taso tana haki. Kada a yi wannan da hunturun Disamba da Janairu. Sanyin Jos yana raunana karfasa, taɓa ta a lokacin asara ce. Fabrairu da Maris sun fi. Da shebur ya taɓa yumɓu mai tauri a tsaya, shi ke riƙe ruwan. Lakar a kai ta nesa, a bayan lambatu. Ƙainuwa da kacalla a cire su da hannu da lauje, kashi ɗaya cikin uku a kowane zuwa, ban da maganin feshi.

Tun kafin Asabar ɗin, ku je wurin mai unguwa da mai filin, ku kuma zauna da masu lambu da ke jan ruwa da inji da makiyayan da ke shayar da shanu a nan. Ku ware wa shanu mashaya guda a nesa da wurin fatsa, ku shimfiɗe ta da dutse, ku binne wa masu lambu bututu a ƙarƙashin hanya inda za su zura tiyonsu, in ba haka ba da diga za su tsaga ta. Komai ya ƙare kafin ruwan farko na Afrilu. Ka kawo mini awon zurfin da zanen inda ka kafa turaku, mu duba tare kafin a biya kuɗin burji.